Ƙaddara Ba Mafakar Rago Ba Ce

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa daga cikin masu hidimar da'awa a yankin Jibiya ya gabatar a garin Riko, a wajen zaman da aka yi da 'yan uwa ɗaliban kimiyya na jami'o'i waɗanda suka dawo gida hutu, tare da ƙannensu masu shirin rubuta JAMB. Mun rubuto muku shi daga faifan murya, da ɗan taƙaitawa saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya haɗa fuskokinmu a wannan yammaci, da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa, zan fara da neman afuwa. A gaskiya ban cancanci tsayuwa a gabanku ba. Da yawanku kun fi ni karatun boko nesa ba kusa ba. Akwai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai na Dutsin-ma, akwai na Zariya da na Kano, har na ga 'yan uwanmu na tsallake masu karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Ni kuwa iyakata sakandare da Islamiyya, ban taɓa zama a ɗakin lakca ba. To amma da aka matsa lallai ni zan yi magana, sai na ga akwai abu guda da na fi ku sani, shi ne ɗacin wata kalma da ta hana ni zuwa inda kuka je. A kanta zan yi magana, insha Allahu.

A cikin wannan hutu na zauna da 'yan uwa uku daga cikinku, kowa daban, kuma ba zan kama suna ba. Ɗaya ya faɗi kwas biyu na lissafi zai sake ɗaukar su baɗi, abin da kuke kira kariyoba. Ɗaya yana so ya bar kemistiri ya koma wani fanni, ba don yana son wancan ba, sai don an ce masa ya fi sauƙi. Na ukun kuwa, wanda ya fi tayar mini da hankali, ya ce shi ba zai koma ba gaba ɗaya, zai sayi babur ya shiga harkar boda kamar sa'o'insa. Abin mamaki, dukkansu jimla ɗaya suka yi mini: “Ni ba ni da kan lissafi.” Da na matsa, sai kowa ya rufe da cewa, “Haka Allah Ya ƙaddara.”

YADDA AKA YI MINI

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare wani malami ya fitar da ni gaban allo in warware wani lissafi, na kasa. Ya dube ni a gaban 'yan aji ya ce kwanyar kifi gare ni, in je in yi noma. Aka yi dariya. Allah Ya yafe masa, ƙila shi ma haka aka yi masa. Amma ni tun daga ranar na koma bencin baya, na daina tambaya, na daina aikin gida na lissafi, domin a ganina ɓata lokaci ne mutum ya yi ta zuba ruwa a kwando. Da WAEC ta zo na faɗi lissafi, kuma kun san ba mai ba ka gurbin kimiyya ba tare da shi ba. Sai na ce, to ai dama an faɗa. Ban lura cewa shekara huɗu na yi ban taɓa littafin ba.

Na koma taya kawuna sayar da hatsi a kasuwar Jibiya. Wata rana wani dattijo, tsohon malamin makaranta, yana tsaye muna ciniki da wani Bamaraɗe. Kun san yadda mutanen Nijar suke ƙirga kuɗi: dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, jika kuwa dala 200 ce, wato sefa 1,000. Mutumin ya yi tayi da dala, na mayar da ita sefa, na mayar da sefar naira a canjin ranar, na raba a kan yawan tiyar da ke buhun, na ce masa albarka. Duk a ka, kafin ya rufe baki. Dattijon nan ya tambaye ni ina na yi karatu. Na ce ai ni na faɗi, ba ni da kan lissafi. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, abin da ka yi yanzu ninkawa ne sau biyu da rabawa sau ɗaya, ba takarda ba alƙalami. Wa ya raba ka da kanka?”

Wallahi 'yan uwa, daren nan ban yi barci ba. Na je na aro littattafan ƙaramar sakandare na ƙanena, na fara daga inda aka tsayar da ni, ina jin kunya ina yi. Bayan shekara biyu na sake zama jarrabawar na samu kiredit. Sai dai kafin nan nauyin gida ya hau kaina. Ban fid da rai da jami'a ba, amma shekarun da kalmar nan ta ci ba za su dawo ba. Shi ya sa idan na ji ɗan uwa da Allah Ya kai shi har aji biyu na jami'a yana maimaita ta, sai in ji kamar in riƙe masa ƙafa.

SHIN ƘWAƘWALWA TANA ƘARUWA?

Da nake shirya wannan magana na nemi taimakon wasu 'yan uwa da suka karanci fannin koyarwa, suka nuna mini cewa masana sun daɗe da sa wa wannan ciwo suna. Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Carol Dweck, wadda ta fitar da littafi a kan mas'alar a 2006. Ta ce masu koyo iri biyu ne. Akwai mai ganin basira kamar tsawon mutum take, abin da aka ba ka shi ke nan. Akwai mai ganin kamar damtse take, in ka wahalar da ita ta ƙaru. Na farko in ya faɗi jarrabawa sai ya ɗauka asirinsa ne ya tonu, don haka yana gudun abu mai wuya, yana ɓoye jahilcinsa. Na biyu in ya faɗi sai ya ɗauka an nuna masa inda bai iya ba tukuna.

A wani gwaji da ita da abokiyar aikinta suka wallafa a 1998, an ba yaran firamare wasu tambayoyi, sannan aka yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka ce wa masu basira ne suka fi saurin karaya, har kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka yi ƙarya a kan makin da suka ci. To ku duba kanku. Yawancinku ku ne na ɗaya da na biyu a makarantunku na ƙauye, tun kuna yara ake ce muku “wane ai gwani ne.” Kun shiga jami'a kun haɗu da yaran da suka yi makarantun kuɗi, suka taɓa kayan gwaji da hannunsu tun suna sakandare, alhali kai a allo kawai aka zana maka. Gwajin farko ka ci 12 cikin 30. Sai shaiɗan ya raɗa maka cewa ashe dama kai ba gwani ba ne. A'a ɗan uwa. Sun riga ka fara tafiya ne, ba ƙafa suka fi ka ba.

Wani zai ce wannan ai lallashi ne kawai. To ga abin da aka gani da na'ura. A birnin Landan, kafin a ba mutum lasisin tuƙa tasi sai ya haddace tituna kusan 25,000, abin da yake ɗaukar shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata masaniya mai suna Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin nan, ta tarar wani sashe mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin, gwargwadon girmansa. A 2011 suka bi masu koyon tun daga farko, suka ga sashen ya ƙaru ne a wajen waɗanda suka jure har suka ci jarrabawar. Wato karatun ne ya gina wurin.

Mu kuwa ba ma bukatar zuwa Landan. Wa ya taɓa ganin an haifi alaramma? Kolo ne yake fara wa da babbaƙu, yana kuka ana wanke masa allo, ya zama titibiri, ya zama gardi, ya yi ta tilawa da asuba a bakin wuta, har ya haddace izu 60 ya kuma rubuta shi da ka. Ba a taɓa ce wa kolo, “Kai ba ka da kan Alƙur'ani, tashi ka tafi.” Sai dai a ce ya sake biyawa. Me ya sa tarbiyyar da muka yarda da ita a tsangaya muke ajiye ta a ƙofar jami'a?

TAWAKKALI DA MUTUWAR ZUCIYA

Yanzu mu zo kan babbar maganar, wato jingina wa ƙaddara. Imani da ƙaddara wajibi ne, ba mai ja da wannan. Amma tambayar ita ce, wa ya nuna maka Lauhul Mahfuz har ka karanta cewa an rubuta ba za ka iya kalkulas ba? Ƙaddara gaibu ce, ba ka saninta sai ta auku. Abin da aka ɗora maka shi ne riƙo da sababi. Bayan ka yi iyakar yinka, abin da ya zo ka karɓa da haƙuri, wannan shi ne tawakkali. Amma ka yi zango guda ba ka buɗe littafi ba sai ana jibi jarrabawa, ka faɗi, ka ce ƙaddara, wannan ɗora wa Ubangiji laifinka ne, kuma rashin ladabi ne.

Mu dubi wanda ya fi kowa tawakkali. Lokacin Hijira, Manzon Allah (SAW) ya tanadi raƙuma, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya yi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku. Ranar Uhudu sulke biyu ya sa. Ranar Khandaƙu ya karɓi shawarar Salmanul Farisi, dabarar yaƙi ta Farisawa wadda Larabawa ba su san ta ba, ya kuma shiga ramin da kansa yana haƙa. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umarninsa ya yi da ya ɗaure ta tukuna. Ya umarci Zaidu bin Sabit, yana matashi kamarku, ya koyi rubutun Yahudawa domin bukatar al'umma, ya koya a cikin kusan rabin wata. Zaidu bai ce shi ba shi da kan yare ba.

Har a cikin Alƙur'ani, Nana Maryam tana cikin naƙuda, ba ƙarfi, aka umarce ta ta girgiza dabino. Wanda Ya ba ta ɗa ba tare da uba ba Yana da ikon zubo mata da dabinon. Amma sai da ta motsa hannu. Kuma ku koma aya ta 11 ta Suratur Ra'ad ku karanta tafsirinta, za ku ga inda canjin halin al'umma yake farawa.

Hausawa suna cewa zafin nema ba ya kawo samu, gaskiya ne, an yi maganar ne domin mai haɗama ya sassauta. Rago ne ya sace ta ya yi matashi da ita. Su dai Hausawan ne suka ce mai nema yana tare da samu.

WANI BAKATSINE A ALƘAHIRA

Akwai kuma wata ƙarya da ta fi ta farko girma, wadda 'yan mulkin mallaka suka dasa, mu kuma muke yi mata ban ruwa: wai lissafi da kimiyya ba namu ba ne. To ku riƙe wannan suna: Malam Muhammadu bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Daga ƙasar Katsinar nan ya fito. Ya yi karatunsa a ƙasashenmu, ya tafi aikin Hajji a zamanin da tafiyar ta ƙafa da raƙumi ce, sannan ya zauna a Alƙahira yana karantarwa. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda masana tarihin lissafi suke ambata har yau, saboda hanyoyin da ya bayar na cika murabba'in lambobi. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan babban malamin nan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Wato kusan shekara 160 kafin Turawa su ci Katsina a 1903.

Ba maganar hatimi ko duba nake yi ba, maganar lissafin da ke ciki nake yi. Ka zana gida tara, uku-uku, ka zuba lambobi 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya. Layin sama 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2. Ka haɗa ta kwance, ta tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Malamin ya yi bayanin yadda ake gina irin wannan ga manyan murabba'ai masu gidaje mara, kamar biyar-biyar da bakwai-bakwai. Kuma abin da ya fi burge ni, a cikin littafin ya gargaɗi ɗalibi da kada ya yanke ƙauna ya watsar idan lissafin ya ƙi fita. Ashe ciwon da yake damun ku ya san shi, kuma maganin da baturiyar Stanford ta rubuta a 2006, Bakatsine ya riga ta faɗa da shekara fiye da 270.

A zamaninmu ma akwai misali. Aziz Sancar Musulmi ne ɗan Turkiyya, daga wani ƙaramin gari a lardin Mardin da ke kan iyaka da Siriya, iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba. Da ya je Amurka digirin digirgir, gwaje-gwajensa na farko suka yi ta ƙin yi, har wani abokin karatunsa ya ce masa ba shi da hannun aikin ɗakin gwaji, gara ya koma gida aikin likita. Bai koma ba. A 2015 aka ba shi kyautar Nobel ta kemistiri tare da wasu mutum biyu. Kun san a kan me? A kan gano yadda ƙwayar halitta take gyara ɓarnar da ta samu kundin gadonta, wato DNA. Subhanallah! Jikinka ma Allah Ya halicce shi da ma'aikatan gyaran kuskure, kai kuma kana so ka yi digiri ba tare da kuskure ba.

ABIN DA KE HANNUNKA DA WANDA BA YA HANNUNKA

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce komai laifin ɗalibi ne. A'a. Mun san halin da wannan lalataccen tsari ya jefa ilimin 'ya'yan talakawa. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Mun san ɗalibai nawa suke taruwa a kan na'urar gwaji guda. Mun san akwai wanda a cikinku 'yan bindiga suka hana mahaifinsa noma, kuɗin rajista ma sai da aka sayar da akuya. Wannan zalunci ne, kuma ba za mu daina faɗa ba.

Su ma masanan sun yarda canza tunani kaɗai ba sihiri ba ne. A wani babban bincike da aka wallafa a 2019, an ba ɗaliban sakandare sama da 12,000 a Amurka wani darasi na ƙasa da awa ɗaya. Wasu daga cikinsu aka koya musu cewa ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa. Makin masu rauni ya ɗaga, amma kaɗan ne, kuma ya fi tasiri a makarantun da abokai ba sa yi wa mai ƙoƙari ba'a. Darasin da ke ciki biyu ne: niyya sai da aiki, kuma mutum sai da abokan kirki.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka raba ta biyu. A dama ka rubuta abin da ba ya hannunka: yajin aiki, rashin wuta, halin lakcara, tsadar mota. A hagu ka rubuta abin da ke hannunka: ƙarfe nawa ka tashi, tambaya nawa ka warware yau, wa ka je ka tambaya, awa nawa waya ta ci maka. Ranar Lahira a kan na hagu za a tambaye ka. Yawancinmu kuwa hirar na dama ce take cinye mana lokacin na hagu.

Ga ɗan uwana mai son barin karatu ya shiga harkar boda, ina tuna masa abin da muka gani da idonmu. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mutum ɗaya a Abuja ya sa hannu, Magama ta yi tsit, magidanta suka rasa na cefane. Sana'ar halal ba abin rainawa ba ce, ni ma da ita nake ci. Amma abin da ka zuba a kanka ba mai sa masa shinge.

TO YAYA ZA A YI?

Ƙoƙari ba shi ne ka yi ta buga kai da bango ba. In hanya ta ƙi, a sake wata. Ga abubuwa biyar da nake roƙon mu ɗauka.

Na farko, ka gyara harshenka. Daga yau ba “ban iya ba,” sai “ban iya ba tukuna.” Kuma kada ka kira ƙanenka daƙiƙi, ko da wasa.

Na biyu, ka yi karatun kimiyya irin na gardi. Gardi ba ya zura wa allo ido ya ce ya haddace, kifa shi yake yi ya kawo da ka. A wani gwaji na 2006 a Amurka, ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta shafi sun tuna kashi 40 cikin 100 bayan mako guda, waɗanda suka karanta sau ɗaya suka yi ta gwada kansu kuwa sun tuna kashi 61. To ka rufe littafin, ka warware tambayar da hannunka. Kuma kullum kaɗan-kaɗan bayan Asuba ya fi kwanan zaune na daren jarrabawa.

Na uku, ka buɗe littafin kurakurai. Duk gwajin da aka dawo maka da shi, kada ka duƙunƙune shi ka jefar. Ka rubuta inda ka ɓata da dalilin ɓatan. Sau da yawa za ka tarar matsalar ba ta jami'a ba ce, wani rami ne tun na aji uku na sakandare. Ka koma ka cike shi, ba kunya. Sibawaihi, limamin nahawu, kuskuren Larabci ya yi a gaban malaminsa na hadisi aka gyara masa, shi ne ya tashi ya nemi nahawu har ya zama abin da ya zama.

Na huɗu, ku kafa halƙar karatu. Wajen 1975 wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya binciki dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo suke faɗuwa kalkulas alhali 'yan asalin Sin suna ci. Ya tarar na farkon kowa shi kaɗai yake karatu a ɗaki, na biyun kuwa suna haɗuwa suna gyara wa juna. Da ya haɗa na farkon a rukuni suna warware tambayoyi masu wuya tare, sakamakonsu ya canza. Mu da muke da halƙar ta'alim kowane mako, me zai hana mutum huɗu ko biyar su zauna a masallacin makaranta bayan La'asar a kan fiziks? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, ka tambaya. Ka je ofishin lakcara da takardarka a hannu, ka nuna masa daidai layin da ka tsaya. In ya kore ka, ka je wajen na aji huɗu. Matambayi ba ya ɓata.

DON ME MUKE WANNAN WAHALA?

Ba don takardar shaida ba ce kawai, 'yan uwa. Imamul Gazali ya lissafa likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya, wato in gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magunguna. A 2010, a nan maƙwabtanmu Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400, iyaye suna binne 'ya'yansu ba su san abin da ke kashe su ba, sai da likitocin waje suka zo aka auna jini. Da akwai ɗanmu guda mai ilimin kemistiri da kayan aiki a kusa, rai nawa za a tsirar da izinin Allah? Ga madatsar ruwa ta Jibiya, tana bukatar masana ƙasa da ruwa. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda aka tsara ya ratsa ta Jibiya. Wa zai zama injiniyansa, mu ko baƙi? Ga iyayenmu mata da suke bukatar likitoci daga cikinmu. Duk wanda ya ajiye karatunsa saboda karaya, ba kansa kaɗai ya cuta ba.

Zan ba ku aikin gida. Yau da dare kowa ya zana gida 25, biyar-biyar, ya zuba 1 zuwa 25, kowane layi ya ba da 65. Kada ka duba waya. Za ka ɓata sau da yawa. Abin da nake so shi ne ka saurari abin da zuciyarka za ta ce maka a ɓata na uku, domin wannan muryar ce take kayar da kai a jami'a. Ka ba ta amsa, ka goge, ka sake. Juma'a mai zuwa bayan an sauko, a nan, kowa ya zo da takardarsa, har wanda bai gama ba. Kuma ina roƙon kowane ɗan jami'a ya ɗauki ƙanne biyu masu shirin JAMB ya riƙa zama da su kafin hutu ya ƙare. Ni ma ku sa sunana a cikin ƙannen, domin bana zan yanki fom insha Allahu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya raba mu da kasala da mutuwar zuciya, Ya kawo mana zaman lafiya a wannan yanki namu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ku gyara mini.